Musayar Waƙa: Mutumin Ƙarfe na Tsibirin Hawai

Malam Na-Ƙofar Doka

Assalamu alaikum. Jigonmu na wannan mako shi ne gasar nan ta Hawai a Amurka da ake kira Ironman, wato mutumin ƙarfe. A yi iyo a teku mil 2.4, a fito a hau keke mil 112, a sauka a yi gudun mil 26.2, duk a yini ɗaya. A kilomita kusan 4 ke nan, da 180, da 42. Ƙwar biyu za mu yi, amsa-amo "ri". Bismillah.

Da sunan Ta'ala na ɗauki alƙalami,
Ku matso kusa in ba ku labari.

A can tsakiyar tekun Fasifik,
Oahu ne sunan tsibiri.

Gardama ta kaure wurin rabon kyauta,
'Yan gudu da 'yan iyo, wa ya fi tauri?

Kwamandan sojan ruwa, John Collins,
Ya ce musun baki ba shi da tasiri.

Shi da uwargida Judy suka zauna,
Tsere uku suka ɗinke a jeri.

Ya ce duk wanda ya fara isowa,
Mutumin ƙarfe, shi ne kirari.

Ran 18 ga Fabrairun 1978,
Maza sha biyar suka yo shiri.

A ƙarshen takardar doka an rubuta,
In ka gama, har mutuwa ka yi alfahari.

Sha biyu ne suka ga ƙarshen hanya,
Uku suka ce wannan sai a bari.

Gordon Haller mai tuƙin tasi,
Shi ya zo na ɗaya, ya cika buri.

Awa 11 da minti 46 ya yi. Fili naku ne.

Ɗan Sarkawa

Malam, Allah ya ƙara basira,
Sai dai ka tsallake ruwa da sauri.

Mai keke in ya gaji ya sauka,
Mai gudu ya tsaya ya huce a sarari.

A teku ina za ka dafa ka huta?
Ko ƙishi ya kama ka, ruwan gishiri.

Igiyar ruwa ta ɗaga ka ta yar,
Na gaba ya shure ka, na gefe mari.

Shi ya sa aka sa iyo a farko,
A tace maza tun da wuri.

Mai Keken Fagge

Ɗan Sarkawa, ƙarnin kifi ya iso,
Tun kafin baitinka ya shigo gari.

Iyon naka gwani bai cika awa ba,
Keke fa awa huɗu ne da ɗori.

Tseren da a da ake yi kwana biyu,
Shi aka matse a yini, dubi haɗari.

Wanka kuka yi kafin a fara aiki,
Aikin na kan sirdi, ka yi nazari.

Kuma ba ni na fara faɗa ba. Collins da kansa, a wurin gardamar, ya kawo sunan Eddy Merckx, zakaran keke na Beljiyam, wanda wata mujallar wasanni ta ce ba a auna ɗan wasan da jikinsa ke ɗaukar iska kamar nasa ba. Tseren keken Oahu na asali mil 115 ne, aka yanke 3 don ya ƙare daidai inda gudun Honolulu ke tashi.

Ɗan Sarkawa

Bakano na zancen teku, ikon Allah!
Kududdufi ma sai ya nemi tsari.

Kekenka ban da dakon atamfa,
Bai san hanya ba sai Kantin Kwari.

In ka faɗa Waikiki da hantsi,
Basarke za a kira, ka yi haƙuri.

Ɗan Gwammaja

Kai! Wannan ta shiga. Amma Fagge ba ta kwana da bashi. Yaya Mai Keke, muna jira.

Mai Keken Fagge

Kifi a ruwa sarki ne, na yarda,
A tudu kuwa sai a ci shi da gari.

Ka je Kona ka ga baƙin dutse,
Wanda wuta ta amayo tun fari.

Titi ya miƙe har garin Hawi,
Iska na bugun ka kamar hadari.

Ba inuwa, ba bishiya, ba rumfa,
Nan cinya ke tona asiri.

Malam Na-Ƙofar Doka

Don wanda ya ji Kona bai gane ba: a 1981 Valerie Silk, wadda ta karɓi ragamar gasar, ta ɗauke ta daga Oahu ta kai Kailua-Kona a babban tsibirin Hawai, inda babu cunkoson motoci irin na Honolulu, babban birnin Oahu. Waikiki kuwa bakin teku ne a Honolulu, Hawi kuma garin da masu keke ke juyowa ne. A ci gaba, amma a rage zafi.

Goggon Yara

Malam a yi mini afuwa, waɗannan biyun sun cinye "ri". Ni ƙwar huɗu zan yi.

Ku maza kun cika mu da surutu,
Kowa na yabon nasa ba hutu,
Ku saurara in ba ku karatu,
A kan abin da ya faru da mace.

Shekara ɗaya da fara gasa,
Lyn Lemaire ta shigo cikin wasa,
Maza da dama ta bar su nesa,
Ta farkon mata, sunanta ya fice.

Sai Julie Moss, ɗaliba yarinya,
Ita ke gaba tun tsakiyar hanya,
Dare ya yi, ga fitilu ga hayaniya,
Saura ƙiris ƙarfinta ya ɓace.

Ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗuwa,
Gwiwa ta ƙi, jiki na karkarwa,
Masu son ɗaga ta tana hanawa,
Kada a ce da taimako ta wuce.

Kathleen McCartney ta zo da gudunta,
Taro ya hana ta ganin 'yar'uwarta,
Sai da aka faɗa mata matsayinta,
Ta san cewa ta ɗaya ita ce.

Julie ta kafa hannu a kan kwalta,
Da rarrafe ta ja sauran jikinta,
Har ta taɓa layi da yatsunta,
Ta zo ta biyu, amma ita ce zance.

Fabrairun 1982 ke nan, tana da shekara 23, sakan 29 ne tsakaninsu. Gidan talabijin na ABC ya nuna wa duniya, daga nan masu neman shiga gasar suka yi ta tururuwa. Ni dai ban taɓa kallon hoton nan idona ya tashi a bushe ba. Kuma ku riƙe wannan: wadda ta fi kowa cin Kona, mace ko namiji, 'yar Afirka ce, Paula Newby-Fraser, haifaffiyar Zimbabuwe. Sau 8 ta ci tsakanin 1986 da 1996.

'Yar Runjin Sambo

Sai Goggo! Allah ya bar mana ke. Maza a koma makaranta.

Ɗan Gwammaja

Goggo ta iya, ba musu. Amma ta fita daga "ri". Wanda ya sauya fili ai bai ci kokawa ba.

'Yar Runjin Sambo

Filin da kuka cika da kifi da atamfa?

Ɗalibin Aruli

Da izinin Malam. Tun jiya nake cije baki. "Da sunan Ta'ala" ƙafa biyu ce ta karin mutaƙarabi cif, na gyara zama, sai kuma aka sauka daga kan dokin. Babban tuntuɓen yana baiti na bakwai. A rubuce "1978" gajere ne, a baki fa? "Alif ɗari tara da saba'in da takwas" gaɓa 13 ce ita kaɗai. A haɗa da "ran sha takwas ga Fabrairun", ɗangon ya kai 21, ɗan'uwansa kuwa 10. Sannan wasalin ƙarshen "labari" dogo ne, na "a bari" gajere.

Ɗango ɗaya ya ɗauko kayan raƙumi,
Ɗan'uwansa na ɗauke da na biri.

Malam Na-Ƙofar Doka

Ɗana, lissafinka daidai ne, na ƙirga na gani. Amma shekarar ba za ta fita ba, don waƙar tarihi da babu shekara tatsuniya ce.

Ɗana mai awon gaɓa da mudu,
Kawo naka ɗangon mu ga tsari.

Ɗalibin Aruli

Na gode Malam. Ga shi:

A ranar da tseren ya fara,
Mazaje suna nan da shiri.

Mai Keken Fagge

Wace rana? Mazaje nawa? Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Ka tsaya auna buhu ka zubar da hatsin.

Ɗan Sarkawa

Yaron nan ya fi ka gaskiya. Kai da ɗangoginka ke tafiya kamar keke mai karkatacciyar waya.

'Yar Runjin Sambo

Ni fa a wurinmu kunne ne alƙali. A rera a ji. Wanda ya iya rerawa yana jan gajeren wasali ya zauna daram.

Ɗalibin Aruli

Yaya, jan wasali a rerawa ɓoye karaya ne, ba ɗori ba. Gaɓa 21 kuwa ko wa ya rera sai numfashinsa ya yanke.

Ɗan Gwammaja

To a rera naka mu ji ko akwai abin ji a ciki.

Ɗalibin Aruli

Ban ce nawa ya fi daɗi ba. Na ce nawa bai karye ba.

Baban Ummi

Haba jama'a, kun baro tsibiri kun koma aji. Ga abin da Malam bai kawo ba a tseren farko:

John Dunbar ne ke gaba a gudun,
Sojan ruwa ne, horonsa da tsauri.

Ruwan sha ya ƙare wa masu bin sa,
Suka miƙa masa giya, sai jiri.

Yana tangaɗi Haller ya gifta,
Ya zo na biyu, kwalba ta yi sharri.

Ɗan Sarkawa

Baba ka gama magana.

Ko a tudu ruwa ne ya yi hukunci,
Mai Keke, sauko daga kan fahari.

Mai Keken Fagge

Haller ya kusa awa 12. A 2024 Patrick Lange, Bajamushe, ya gama a Kona cikin awa 7 da minti 35. Sama da awa 4 aka zabge. Daga ina mafi yawansu suka fito?

Hannun mai iyo bai ƙara tsawo ba,
Keke aka sake wa ƙira da tsari.

Goggon Yara

Ku biyun nan kun tuna mini wasu biyu. Shekarar na ajiye ta a waje don Ɗalibi ya samu barci: 1989.

Dave Scott sau shida ya ci gasa,
Mark Allen ya sha kaye a hannunsa,
Ran nan ya manne a kafaɗarsa,
A ruwa, a keke, ya ƙi ya kauce.

Gudu ya yi nisa suna tare,
Ba mai magana, baki a ɗaure,
Saura mil biyu Allen ya tsere,
A kan wani hawa ya ba shi baya ya wuce.

Bayan awa 8 da minti 9 ana gumurzu, sakan 58 ne kawai ya raba su. Daga ranar shi ma Allen ya yi ta ci har sau 6. Kuma rarrafen Julie da ya gani a talabijin ne ya fara jawo shi cikin wasan. To a cikinku wane ne Scott, wane ne Allen?

Ɗan Gwammaja

Allen dai a Fagge yake kwana.

Ɗalibin Aruli

Goggo, ɗangonki na ƙarshe ya zarce 'yan'uwansa.

Goggon Yara

Hawa ne, ɗana. Wa ya taɓa hawa tudu da gajeren numfashi?

Ɗan Damagaram

Salamu alaikum. Kwana uku ina hanya, sai yau na karanta duka. Malam, Goggo, ina gaisuwa. Ni ban ji daɗi ba da aka kai gasar maza birnin Nice na Faransa a 2023 aka bar mata su kaɗai a Kona, don abin da nake so a gasar nan yana faruwa ne a titin Ali'i na Kona, inda ake ƙare tseren, cikin dare, kowa da kowa tare. Na dawo da "ri".

Kun yi ta zakaru, ni na baya nake so,
Wanda ƙafarsa ta kumbura ya yi haƙuri.

Awa goma sha bakwai aka yanka,
In ta cika a rufe, babu ƙari.

Zakaran da ya gama da rana tsaka,
Ya yi wanka ya dawo wannan wuri,

Ya tsaya bakin layi yana jiran
Tsoho mai ɗingishi, kai duk fari.

Akwai wani uba, Dick Hoyt sunansa,
Ɗansa Rick bai tafiya tun fari.

Ya ɗaura igiya ya ja shi a kwalekwale,
Yana iyo, ɗan na kwance a sarari.

Ya ɗora shi gaban keke har Hawi,
Ya turo kujerarsa har cikin gari.

A shekarar da Scott da Allen suka kara ne, 1989, su ma suka kai ƙarshe kafin a rufe. Ɗalibi, na san na maimaita "fari" da "sarari", ka bar mini su.

Ɗalibin Aruli

Na bar maka, Yaya. Wannan ba zan taɓa shi ba.

Ɗan Sarkawa

Allah ya saka wa uban nan. Mai Keke, ka dai ji da me aka fara ɗaukar yaron. Kwalekwale.

Mai Keken Fagge

Na ji. Da me aka kai shi Hawi?