Hoton Kumbo da Aka Gyara da Lissafi: Shaida Ne ko Zane?

Mai buɗe muhawara: Jama'a, ni a ganina duk hoton da kyamarar kumbo ta turo dishi-dishi, sannan aka bi shi da kwamfuta har ya fito fes, ya tashi daga shaida ya koma zane, domin ba a maido da abin da kyamara ba ta gani ba.

Injiniya: Malam, ai hasken ya shiga kyamarar, watsuwa kawai ya yi. Abin da ake yi shi ne a ɗauki hoton tauraro, wanda saboda nisansa ya kamata ya fito ɗigo guda. Idan ya fito kamar zobe ko tabo, to an gane yadda kyamarar ke baza kowane ɗigon haske, sai lissafi ya tattaro shi ya mayar da shi mazauninsa. Haka aka yi wa kumbon Deep Impact a 2005, da aka gano babbar kyamararsa ba ta saitu ba, kuma masana sun yi aiki da hotunan tauraro mai wutsiya Tempel 1 da aka gyara ta wannan hanya.

Malamar kimiyya: Injiniya, ka tsallake wani wuri. Da aka harba na'urar hangen nesa ta Hubble zuwa sararin samaniya a 1990, gefen madubinta mai faɗin mita 2.4 ya baje fiye da kima da kimanin kashi 2 cikin 1000 na milimita, shi ya sa hotunanta suka riƙa fitowa da hazo. Hanyar lissafin Richardson da Lucy, wadda ake tattaro hasken da ya watsu da ita, ta taimaka a kan abubuwa masu haske sosai, amma taurari masu rauni sun nutse a cikin hazon, kuma idan aka yawaita maimaita lissafin, dattin hoton kansa, wato ɗige-ɗigen da ba na abin da aka ɗauka ba ne, yana kumbura har ya yi kama da wani abu na gaske. Da lissafi ya wadatar, da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ba ta tura 'yan sama jannati a Disambar 1993 sun saka madubai masu gyara ba.

Mai buɗe muhawara: Ashe Malama kina bayana.

Malamar kimiyya: Ba gaba ɗaya ba, Malam. Inda haske ya rinjayi datti, kuma aka auna kyamarar da kyau, gyaran karɓaɓɓe ne, tunda ɗanyen hoton yana ajiye, kowane masani zai iya sake lissafin ya ga ko zai sami abin da aka samu.

Injiniya: Wannan sharaɗin na karɓe shi, sai dai har yanzu ina jiran Malam ya janye kalmar zane.