Ƙadangaruwa mai gemu ta zuba ƙwai 22, yanzu ta ƙi ci kuma yatsunta na rawa

Ummu_Sadiq

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kiwon ƙadangare mai gemu, irin na Ostireliya da ake ajiyewa a gida cikin akwatin gilashi. Tawa mace ce, shekararta biyu, ba a taɓa haɗa ta da namiji ba. Shekaranjiya ta haƙa rami ta zuba ƙwai 22, masu taushi, launinsu ya ja rawaya. Kafin ƙwan nauyinta giram 430, yau 360. Ta lashi ruwa kaɗan, amma ta ƙi gyare ta ƙi ganye. Tun da safe kuma yatsun ƙafafunta na baya suke fizga da kansu, idan za ta hau dutsen shan zafi sai ta ja ciki. A Ingila muke, ba ta fita rana. Gajiyar ƙwai ce da za ta wuce, ko ciwo ne?

Mai_Kiwon_Kadangaru

Wa alaikumus salam Hajiya. Abubuwa biyu kika haɗa, ɗaya ba komai, ɗaya kuma ba ya jira.

Yin ƙwai ba namiji al'adarsu ce, kuma ƙwai 15 zuwa 30 a zubi guda shi ne abin da aka saba gani. Ramar ma ta yi daidai da lissafi: kowane ƙwai wajen giram uku yake, 22 sun kai kusan giram 70 ɗin da ta rasa. Sakin ciki, tattarewar fata a gefe, yawan barci na kwana ɗaya ko biyu, duk ba su tayar da hankali. Mace mai lafiya takan fito daga rami da ƙishirwa, ta sha ruwa, washegari ko jibi ta faɗa wa abinci da yunwa sosai.

Rawar yatsu da jan ciki ba su cikin wannan. Alamar kalsiyam ne ya yi ƙasa a jininta. Ɓawon ƙwai da gwaiduwa duk kalsiyam suke ci, idan na abinci bai isa ba jiki yakan kwaso daga ƙashi, idan wannan ma ya gaza sai jijiyoyi da tsoka su fara fizga. Yakan fara daga yatsu da wutsiya, ya hau ƙafafu, daga nan jijjiga. Ki kai ta wurin likitan dabbobi wanda ya san masu rarrafe yau, ko gobe da sassafe in an tashi. Ba kowane likitan kyanwa da kare ne ya san su ba, ki tambaya a waya kafin ki tafi.

Kafin ki isa can:

Ki auna zafin wurin shan zafi da ma'aunin da ake haska saman dutse, ya zama digiri 38 zuwa 42 a ma'aunin Salsiyas, ɗaya gefen akwatin 24 zuwa 27, da dare kar ya sauka ƙasa da 18. Jikin da ya yi sanyi ba ya narka abinci kuma magani ba ya aiki a cikinsa. Ki sauke rassan da duwatsun masu tsawo, domin ƙashinta na iya karyewa daga ɗan faɗuwa. Ki ɗiga ruwa a kan hancinta da sirinji marar allura, ɗigo ɗaya, ki jira ta lashe, sannan na gaba. Ki ɗaga ta da tafin hannu biyu, cikin ya zauna a kai, kar a matsa.

Ki faɗa mana wace irin fitilar UVB gare ki, wato fitilar da ke maye mata gurbin hasken rana, yaushe aka saka ta, kuma me ke tsakaninta da dabbar.

Dan_Gyare

Ni ma abin da Malam ya faɗa nake gani. Ƙari a kai, ki sa ta cikin ruwan ɗumi, digiri 30 zuwa 32, zurfinsa kar ya wuce gwiwar ƙafarta ta gaba, minti 10 zuwa 15. Da yawansu a nan suke sha, kuma yana wanke ƙasar da ta maƙale a idanu da mafitar kashi. Ki duba farin da ke fitowa tare da kashi: idan fari ne mai laushi ruwa ya isa jiki, idan ya yi tauri kamar alli ya koma rawaya to tana cikin ƙishirwa. Sannan ki samo kalsiyam na ruwa ki ɗura mata, ki ɗan shafa cikin ki ji ko akwai ƙwan da ya rage.

Likita_Aminu

Wankan ba laifi idan tana iya riƙe kanta sama, kuma hannu na ƙarƙashin haɓarta. Amma ɗurar da shafar ciki, ɗan'uwa, ban goyi baya ba, kuma ga dalili.

Ƙofar maƙogwaron numfashi a bakin ƙadangare tana nan a gindin harshe, a buɗe. Dabbar da tsokarta ke rawa ba ta haɗiya da kyau, abin da aka ɗura da ƙarfi yana iya zarcewa huhu, a fita daga matsalar kalsiyam a shiga ciwon huhu. Shafar ciki kuwa, ƙwan da ya daɗe a ciki ko gwaiduwar da ba ta yi ɓawo ba fatarsu siririya ce. Idan ta fashe gwaiduwa ta malale cikin ciki, sai kumburi mai tsanani ya biyo baya, wanda sau da yawa tiyata kaɗai ke iya ceto, wani lokaci ita ma ba ta ceto. Kuma hannu ba ya faɗin gaskiya a nan: akwai curin kitse biyu a gefen cikinsu da mutane ke ɗauka ƙwai ne, kuma rashin jin komai ba ya nufin babu komai.

Hajiya, ga abin da ya kamata a yi a asibitin, domin ki san abin tambaya.

Na farko hoton X-ray. Zai nuna ƙwai mai ɓawo da ya rage, zai kuma nuna ko ƙashi ya yi sirara ko akwai karaya. Idan hoton bai fito sarai ba a ƙara da sikanin, domin akwai wata matsala dabam inda gwaiduwa ke taruwa a cikin ƙwan mahaifa ba ta sauko ba, ba ta kuma narke ba. Waɗannan zagayayyu ne marasa ɓawo, sikanin ya fi ganinsu. Bambancin yana da muhimmanci: ƙwan da ya sauko ya maƙale ana iya gwada masa allura, wanda bai sauko ba allurar naƙuda ba ta taɓa shi.

Na biyu gwajin jini. Ki roƙi a auna kalsiyam ɗin da ke yawo sake a jini, ba jimillar kalsiyam kaɗai ba. Mace mai yin ƙwai jimillarta takan hau sosai saboda kalsiyam ɗin da ke ɗaure da furotin ɗin gwaiduwa, sai takarda ta nuna adadi mai kyau alhali wanda tsoka ke amfani da shi ya yi ƙasa. A duba fosfaras da sinadarin yurik asid a lokaci guda, su ne za su nuna halin ƙoda. Wannan yana da amfani kafin a ba da kalsiyam ko bitamin D3 da yawa, domin idan fosfaras ya riga ya hau, ƙari na iya daskarewa a ƙoda da jijiyoyin jini.

Na uku kashi. Ki tafi da sabo a leda in ta yi. Wahalar ƙwai tana raunana garkuwar jiki, sai ƙwayoyin koksidiya da tsutsar hanji da ke zaune shiru su yi yawa, su kawo zawo da wari da ƙin ci.

Magani yawanci allurar kalsiyam gulukonet ce da ruwa a ƙarƙashin fata, sannan kalsiyam na sha da za a auna da nauyinta na tsawon makonni. Idan akwai ƙwan da ya rage kuma hoto ya nuna hanya a buɗe take, akan fara da kalsiyam, sannan oksitosin, wato allurar naƙuda. Ba a juya tsarin, domin mahaifar da babu kalsiyam ba ta iya matsawa. Ba a kuma yin oksitosin idan ƙwan ya yi girma fiye da ƙugu, ko ya lanƙwashe, ko biyu sun manne, mahaifa za ta iya yagewa. A nan sai tiyata, a cire ƙwan mahaifa da bututun ƙwai gaba ɗaya.

Alamun da idan kika gani ba a jiran gari ya waye: jijjiga ko juyewa a baya, gemu ya yi baƙi ya ƙi washewa, idanu a rufe ko an taɓa ta, numfashi da baki a buɗe alhali ba zafi take sha ba, ciki ya sake kumbura, yunƙuri ba abin da ke fitowa, jini ko ruwa mai wari daga baya, ko jan nama ya fito daga mafitar kashi. Wannan na ƙarshe yakan biyo bayan yunƙurin ƙwai. Kar a tura shi ciki. A wanke da ruwan gishiri na asibiti ko ruwa mai tsafta, a jiƙa auduga da ruwan sukari mai kauri a ɗora don kumburin ya sauka, a cire yashi a shimfiɗa takarda mai laima, a tafi. Naman da ya bushe ya yi baƙi ya mutu.

Kuma kar a ba ta farasitamol ko wani maganin mutane.

Ummu_Sadiq

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na samu ganin likita gobe da ƙarfe tara. Fitilar doguwa ce, samfurin da ake kira T8, ta haura shekara ɗaya, har yanzu tana haske. A saman murfin gilashi take. Garin kalsiyam ina barbaɗawa sau ɗaya a mako. Ta daina haƙa tun da ta rufe ramin.

Mai_Kiwon_Kadangaru

Daina haƙar alama ce mai kyau, ko da yake hoto ne zai tabbatar. Amma tushen ciwon ya fito fili a amsarki.

Gilashi yana tare UVB kusan gaba ɗaya. Ita kuma T8 ƙarfinta na UVB yana raguwa tun ido na ganin haske, shi ya sa ake canza ta duk wata shida. Ba UVB, fata ba ta yin bitamin D3, ba D3, hanji ba ya ɗaukar kalsiyam ko nawa aka barbaɗa. Ta daɗe tana lallaɓawa da ɗan abin da ke ƙashinta, ƙwan ne ya ƙarasa kwashewa. Ki taɓa muƙamuƙinta na ƙasa a hankali, idan yana lanƙwasa ki gaya wa likita.

Ki sayi doguwar fitila samfurin T5 mai ƙarfi, mai UVB kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari, da marfin da ke maido da haske ƙasa. A ɗaura ta cikin akwatin, ba gilashi ba roba tsakani, tsawonta ya kai rabin akwatin ko kashi biyu cikin uku, a gefen fitilar zafi domin ta samu duka biyun a wuri ɗaya. Tazara daga bayanta wajen santimita 30 zuwa 40, ki bi jadawalin kamfanin. Awa 12 a kunne, a canza duk shekara, ki rubuta ranar sakawa a jikinta. Idan bazara ta zo ki riƙa fitar da ita rana kai tsaye, da inuwar da za ta shige, amma ba cikin akwatin gilashi ba, zafi zai kashe ta cikin ɗan lokaci.

Abinci idan ta fara karɓa: ƙwari kullum na mako biyu zuwa uku, maimakon sau biyu ko uku a mako da babba ke ci. Tsutsar baƙin ƙudan soja ta fi kowanne kalsiyam, tsutsar siliki na da laushi da ruwa, sai kyankyason dubiya da gyare. Waɗannan biyun fosfaras ɗinsu ya fi kalsiyam yawa, dole a ciyar da su ganye kwana ɗaya ko biyu kafin a bayar, a kuma barbaɗe su da kalsiyam kabonet marar D3 a kowane ci, siriri, ba har su yi fari fat ba. Mai D3 da haɗin bitamin ki bar wa likita ya tsara, tunda zai iya yin allura, kuma D3 yana yin guba idan ya yi yawa. Ganye kullum: na mastad, kolad, dandeliyan, da ɗan kabewa gurzajje. Alayyafo ki rage, yana ɗaure kalsiyam a hanji. Latas kusan ruwa ne kawai. Kar a kamo ƙwari a waje saboda maganin feshi, kuma ƙwaron nan mai walƙiya da dare guda ɗaya yana kashe su.

Ki riƙa auna ta sau biyu a mako a sikelin kicin, lokaci ɗaya na rana, ki rubuta. Ki kuma lura da gindin wutsiya da saman kai bayan idanu, nan kitse ke fara komawa.

Likita_Aminu

Abu ɗaya ya rage, Hajiya. Wannan zubin ba lallai ya zama na ƙarshe ba. Mace kan yi zubi biyu, uku ko fiye a kaka ɗaya, tsakaninsu 'yan makonni, kuma na biyun ne yake kayar da wadda ba ta murmure ba. Idan nauyi ya hau da sauri, ciki ya cika, ta fara zirga-zirga tana tonon kusurwa, ƙwai ne ba ƙiba ba.

Saboda haka akwatin haƙa ya zauna a shirye: yashi da ƙasa marar taki a gauraye, zurfin santimita 20 zuwa 30, da laimar da idan aka tona rami ba zai rufta ba, a wuri mai ɗumi, a bar ta ita kaɗai. Rashin wurin haƙa yana cikin manyan abubuwan da ke sa su riƙe ƙwai. Ki tambayi likitan gobe ko ya ga sabuwar gwaiduwa a sikanin. Idan ta riƙa jera zubi tana ramewa duk da gyaran fitila da abinci, ku tattauna batun cire mahaifa tun tana da ƙarfi, domin tiyatar da aka shirya ta fi wadda aka yi cikin gaggawa sauƙin warkewa.