Jibi zan fuskanci 'yan jarida, ku agaza min

Maman Hanan: Assalamu alaikum. Jibi ofishinmu zai kira taron manema labarai nan Gusau, shugaban ofis ya ce ni zan yi bayani. Wata huɗu ke nan da ba ni kujerar hulɗa da jama'a, ban taɓa tsayawa gaban makirufo ba. Na dai shirya shafi 30 a PowerPoint. Me kuka gani?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Shafi 30? Ƙanwata, kafin ki kai na goma rabin zauren na danna waya. Ni an taɓa ɗauke wuta ina shafi na uku, janareta ya ƙi tashi, na yi tsaye kamar an dasa ni, don komai na cikin kwamfuta, ba komai a kaina. Tun ranar, abu uku nake rubutawa a 'yar takarda in riƙe a hannu.

Ɗan Kaura: Kuma ki tuna ba waɗanda ke zaune gabanki ne za su ji ki ba, manomi ne a Shinkafi da rediyonsa. A Satumbar 2021 da aka katse layukan waya a jihar nan, duk masu taƙama da Facebook shiru muka yi, rediyo ya ɗauki nauyin. Daga jawabin minti 20, abin da za su sa a labarai bai wuce jimla biyu ba. Ki zaɓi jimlolin da kanki, ki faɗe su da farko, ki maimaita a ƙarshe.

Anti ta Tsafe: Ki yi da Hausa, Hausar kasuwa. Lokacin gubar dalma a 2010, yankunan Anka da Bukkuyum, yara fiye da 400 suka rasu. Sunan cutar da Turanci bai amfani uwa a Bagega da komai ba. Abin da take buƙatar ji shi ne a daina niƙa duwatsun zinariya cikin gida, ƙurar ce yara ke haɗiya. Haka za ki tace naki: me kike so mutum ya yi gobe da safe?

Baban Khalifa: Anti, da gyara kaɗan. Wakilan jaridun Abuja da Legas da Turanci suke aikawa. Ta buga takardar sanarwa iri biyu, adadi da sunaye a rubuce, kada a juya mata miliyan ta koma biliyan.

Maman Hanan: To in aka tambaye ni abin da ban sani ba fa? Wannan ke hana ni barci.

Anti ta Tsafe: Ki ce za ki bincika ki kira shi kafin magariba, kuma ki kira ɗin. Kada ki yi kame-kame, kada ki ce ba za ki ce komai ba, shi ma kanun labari ne. Sannan bayan an tashi, wajen shan lemo, babu zancen "wannan tsakaninmu ne". Wayar kowa na ɗauka.

Ɗan Kaura: Aradu kuwa. Wani abokin aikina raha ya yi a bakin mota, kafin ya isa gida muryarsa ta zaga WhatsApp. Af, kin yi rajista da NIPR, cibiyar masu aikin hulɗa da jama'a ta Najeriya? Tun 1963 take, kuma dokar 1990 ta ɗora mata rajistar masu wannan sana'a.

Maman Hanan: Ban yi ba tukuna, sai an wuce jibi. Na rage shafukan sun koma 6. Anti, gobe bayan la'asar in zo gida ki yi min tambayoyi?

Anti ta Tsafe: Zo da wayarki a cike da caji, za mu ɗauke ki bidiyo ki ga inda kike kai hannuwanki. Baban Khalifa, kai ne ɗan jarida mai taurin kai.

Baban Khalifa: In dai akwai fura, ƙarfe biyar ina ƙofa.