Wai bugun ƙasa ne kakan kwamfuta?

Daga zauren WhatsApp na fadarmu ta Tawa, daren Alhamis bayan isha'i.

Auta: Assalamu alaikum mutanen fada. Yau na ji abin da ya hana ni barcin rana. Wani Ba'amurke mai bincike, Ron Eglash, ya zauna da masu duba 'yan Bambara a Senegal har suka koya masa yadda ake zana ƙasa. Ya ce ɗigo ɗaya da ɗigo biyun nan da suke jerawa su ne sifili da ɗayan da kwamfuta ke aiki da su. Wai ilimin ya haye Andalus, ya shiga Turai, ya kai ga Leibniz, masanin lissafi na ƙasar Jamus, daga nan sai kwamfuta. Ke nan duk wata kwamfuta a duniya jikar bugun ƙasa ce.

Ɗan Abijan: Ai na daɗe ina faɗi. Kamar fatar akuyarmu ce, a saye ta arha, ta dawo mana takalmi mai tsada.

Liman: Wa alaikumus salam. Auta, ka ji tsoron Allah. Duba ba abin tinƙaho ba ne, ko da shi ya haifi jirgin sama.

Mushe: Allah shi gafarta Malam, ba wanda za mu duba wa aure ko tafiya. Lissafin da ke ciki kawai za mu kalla, kuma akwai shi. Ina yaro a Keita akwai wani tsoho bayan gidanmu, mu kan laɓe jikin darni muna kallo. Sai ya share rairayi da gefen hannu ya yi sumul, ya yi ta dangwala yatsa da sauri ba ya ƙirgawa, layi huɗu. Sannan ya bi kowane layi yana soke ɗigon biyu-biyu. Ƙarshe ko ɗaya ya rage ko biyu, wato wutiri ko shafa'i. Layi huɗun nan su ne gida guda, shi ya sa gidajen ba sa wuce 16: biyu sau biyu sau biyu sau biyu. In ya samu gida huɗu na farko ya gama dangwala, sauran duk daga cikinsu yake fiddo su. Ya ɗauki gida biyu ya haɗa layi da layi: in jimla shafa'i ce ya sa ɗigo biyu, in wutiri ce ya sa ɗaya. Sai da na fara koyar da lissafi a lakkwal na tuna tsohon nan, na ce ashe.

Auta: To Kawu, ai kun gama mini aiki!

Injiniya: Tsaya ƙanena, kada ka yi saurin buga ganga. Abin da Kawu ya kwatanta gaskiya ne, kuma ya fi yadda kake tsammani kyau. Ka ɗauki ɗigo ɗaya a matsayin 1, ɗigo biyu a matsayin 0. In layukan biyu iri ɗaya ne amsa 0, in sun bambanta amsa 1. Wannan ƙa'idar tana cikin kowace furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, sunanta XOR. Har da ƙari: gida na 15, wanda suke kira alƙali, dole jimlar ɗigonsa ta fito shafa'i. In ta fito wutiri, mai zanen ya san ya yi kure a hanya. Irin wannan dabarar ce ake sa wa ma'ajiyar manyan kwamfutoci don a gane in wani ɗigo ya juye. Duk wannan na yarda. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba.

Ɗan Abijan: Ga “amma” ta zo. Duk wanda ya yi boko da yawa sai ya kawo amma.

Injiniya: Yaya, ka bar ni in kai aya. A lissafin sifili da ɗaya kowane wuri da darajarsa. 1011 na nufin takwas, babu huɗu, biyu, ɗaya, jimla 11. A faifan rairayi layin sama bai fi na ƙasa sau takwas ba. Gidan suna gare shi da fassara, ba adadi ba ne. Na biyu, babu riƙo. Kun tuna a aji, “na rubuta sifili, na riƙe ɗaya”? Ɗaya da ɗaya a kwamfuta 10 ne, sifili a nan, ɗaya ya haura gaba. Ƙa'idar tsohon tana ba da sifilin, ta watsar da ɗayan. Sai an haɗa mata wata ƙa'ida ta biyu mai kama riƙon kafin a samu na'urar da ke tarawa.

Auta: Yaya, ko da rabi ne ai daga nan aka faro. Leibniz fa?

Mushe: Nan ne igiyar ta yi siriri, ɗana. Gaskiya ne an fassara littattafan ramli daga Larabci zuwa Latin a Andalus a ƙarni na 12, Turawa sunka yi ta bugun ƙasa su ma. Amma Leibniz yana da rubutu kan lissafin biyu-biyu tun 1679, ya buga bayaninsa a Paris a 1703, kuma da ya tashi nuna inda ya ga makamancin abin nasa, ƙasar Sin ya nuna. Wani fada na coci mai suna Bouvet ne ya aiko masa daga Beijin da zane 64 na wani tsohon littafin duba nasu, layi shida-shida, kowane layi ko a haɗe ko a yanke. Su ma Sinawa in sun so sai su ce nasu ne. Kuma abin dariya, na'urar lissafin da Leibniz ya ƙirƙiro da kansa goma-goma take ƙirga, da haƙoran ƙarfe. Kama da wane ba ta wane.

Ɗan Abijan: Kawu, da girmanku, amma wa ya rubuta tarihin? Su. In sun ɗauka za su faɗi ne? Mu da munka yi yawon duniya mun san halinsu.

Na-Katako: Salamu alaikum, yanzu na rufe shago, na tarar da saƙo ya fi arba'in. Ɗan Abijan taubashina, kai da ko batirin wayarka ba ka iya cirewa, yau kai ne lauyan kwamfuta?

Ɗan Abijan: Kai dai mai warin dalma, faɗi naka.

Na-Katako: Nawa gajere ne. In sifili da ɗaya ne asalin kwamfuta, me za ku ce da ENIAC? Ita ce aka nuna wa duniya a Filadelfiya a Fabrairun 1946, ƙwan lantarki irin na tsohuwar rediyo kusan 18,000, nauyi kusan tan 30. Goma-goma take ƙirga. Kowace lamba da zobenta mai mazauni goma, wuta na tsalle daga wannan zuwa wancan. Babbage na Ingila ma, da ya zana tasa na'urar a 1837, goma-goma ce. Su waɗannan ba kwamfuta ba ne ke nan?

Auta: To me ya sa yau duk suka koma biyu-biyu in ba asali ne ya kira su ba?

Na-Katako: Ƙarfe ne ya kira su. Ka zo Yamai ka zauna teburina rana ɗaya cikin watan Afrilu. In na ɗora allurar mita a kan layin da aka rubuta bolt 5, ba na ganin 5 cif. Lambar rawa take yi, ta hau ta sauka, balle in allon ya yi zafi ko caja ta jabu ce. Yanzu ka ce za ka raba bolt biyar ɗin nan gida goma, kowace lamba da nata. Rabin bolt ne tsakanin shida da bakwai. Wuta ta ɗan yi atishawa, bashin jikka shida ya zama bakwai. In kuwa gida biyu ne kawai, ƙasa-ƙasa sifili, sama-sama ɗaya, akwai fili mai faɗi a tsakani. Kamar ka hango mace daga rijiya ne: daga tafiyarta ka san tulun cike yake ko wofi, amma ba ka iya cewa ya kai kashi shida ko bakwai cikin goma. Konrad Zuse da ya haɗa Z3 a Balin a 1941, da makunnai masu maganaɗisu irin na gidan waya ya yi, su kuwa ko a buɗe ko a rufe, ba su san na uku ba.

Mushe: Wanga misali na tulu ya yi. Da ina aji har yanzu da na sace shi.

Injiniya: Kuma ba wahayi ba ne. A jami'ar Mosko a 1958 sun ƙera wata mai suna Setun da ke ƙirga uku-uku, ta yi aiki lafiya lau, an yi guda wajen 50 kafin a tsayar. Biyu-biyu ta ci kasuwa ne don kayanta sun fi sauƙin ƙerawa.

Auta: Na samo wata. Furosesar farko ta Intel, 4004, ta 1971. Ɗigo huɗu take ɗauka a lokaci guda. Huɗu! Gida 16 ke nan cif, daidai da na tsohon Keita. Wannan ma dacewa ce?

Na-Katako: Wallahi yaron nan da lauya ya karanta. Auta, 4004 don injin lissafin tebur aka yi ta, na wani kamfanin Japan, Busicom. Lambobi daga 0 zuwa 9 goma ne. Ɗigo uku takwas kawai suke bayarwa, ba su isa ba, dole a ƙara na huɗu. Taransista 2,300 ne duka a cikinta, ba halin almubazzaranci. Shekara na zagayowa suka fito da 8008 mai ɗigo takwas. Ta wayarka 64 ce. Sai ka ce ita kuma jikar Sinawa?

Liman: Ni dai ina sauraro. Tambaya ɗaya: in ba sifili da ɗaya ba ne suka sa abu ya zama kwamfuta, mene ne?

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, tambayar da ya kamata mu fara da ita ke nan. ENIAC tana tara lamba 5,000 cikin daƙiƙa, amma in za a canza mata aiki sai an zare wayoyi an sake sokawa, an murɗa makunnai, kwana da kwanaki. Mata shida ne suka fara wannan aikin. A Yunin 1945 wani masanin lissafi, von Neumann, ya rubuta rahoto kan wadda za ta gaje ta, EDVAC, daga tattaunawarsa da Eckert da Mauchly da suka gina ENIAC. Abin da ke ciki shi ne umarnin ma a mai da shi lamba, a zuba shi ma'ajiya ɗaya da bayanan. Na'ura ta ɗauko umarni, ta gane shi, ta aikata, ta ɗauko na gaba, in sharaɗi ya cika ta yi tsalle zuwa wani wuri. Wadda ta fara yin haka a aikace ƙarama ce a jami'ar Manchesta, ranar 21 ga Yunin 1948. Ma'ajiyarta layi 32 ne kacal, kowane da ɗigo 32. Wayar da kuke karanta ni da ita yanzu a kan wannan tsarin take, shi ya sa ita ce rediyo, ita ce banki, ita ce fitila. A bugun ƙasa umarnin yana kan tsohon ne. Rairayin bai san me zai yi gaba ba.

Auta: Na ji. Amma ban janye duka ba. Kun ce ba adadi ba ne, to kwamfuta ma ai ba adadi kawai take ci ba, e da a'a take juyawa. Mutanen da ba su taɓa jin sunan Boole ba, Baturen Ingilan da ya mai da e da a'a lissafi, suna juya e da a'a bisa ƙa'ida, har da hanyar kama kure, ɗaruruwan shekaru kafin littafinsa na 1854. Me ya sa a jami'a ba wanda ya taɓa faɗa mana?

Injiniya: Wannan kam ka yi gaskiya, kuma da ni ke koyarwa da faifan rairayi zan fara darasin XOR. Abin da ban yarda ba shi ne “jika”. Jika sai da jini. Shannon, Ba'amurken da ya haɗa lissafin Boole da makunnan lantarki a 1937, makunnan layin tarho ne a gabansa.

Liman: A aji dai, ba a ƙofar masallaci ba.

Ɗan Abijan: Ni har gobe ina nan kan bakana. Abin da ya yi kama da namu, namu ne sai an kawo shaida.

Mushe: Shaida mai da'awa ke kawo ta, ko ba haka ba Malam? Auta, ga aikin gida. Biyar 0101 ce, uku 0011. Haɗa su layi da layi bisa ƙa'idar tsohon, ka faɗa muna abin da ka samu.

Auta: Minti ɗaya, Kawu.

Auta: 0110.

Auta: Shida nake samu. Na sake sau biyu.

Ɗan Abijan: A'a, tsaya. Jikka 5 da na ranta maka da azumi da jikka 3 na kuɗin kabu-kabu, kada ka kuskura ka lissafa mini su a rairayi.