Neman kalma: me za mu kira "faux plancher" da Hausa?

Ɗan Bukoki:
Salamu alaikum ƴan uwa. Na shiga matsala, kuma bakina ne ya jawo mini ita.

Kawuna yana gina benen haya a nan Yamai, wajen Filato. Wani kamfani ya ce zai kama hawa na farko gaba ɗaya, amma da sharaɗin a sa musu abin da suka rubuta "faux plancher" a babban buro da kuma ɗakin da za su jera injunan intanet. Mai aikin ya kawo debi, wato takardar ƙiyasin kuɗin aiki, da Faransanci, kawu ya miƙo mini ya ce in karanta masa da Hausa, tunda ni aka kashe wa kuɗin lakwal. Na bi layi-layi lafiya lau har na iso kan wannan kalma. Kafin in yi tunani baki ya riga ni, na ce "daɓen ƙarya".

Kawu ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Au, ƙaryar ce ta fi karo tsada?" (Karo shi ne tayil ɗin da ake shimfiɗawa a ƙasa.) Ya ninke takarda ya sa aljihu. Yau kwana huɗu bai sake ta da maganar ba, masu haya kuwa suna jira.

Ga wanda bai taɓa gani ba: ana kafa ƴan sandunan ƙarfe a kan simintin ɗaki, a shimfiɗa falle-falle masu kusurwa huɗu a kansu, kowane santimita 60 tsawo da faɗi. Mutane na tafiya a sama, wayoyin wuta da na intanet na bi ta ƙasa. In abu ya lalace sai a ɗaga falle ɗaya a gyara, a mayar. To me sunan wannan da Hausa, sunan da dattijo zai ji ya san inda kuɗinsa za su?

Bagobirin Katako:
Ɗan Bukoki ka yi ɓarna. Ni da nake sayar da kayan gini shekara da shekaru ban taɓa ce wa mai saye "ga na ƙarya" ba, ko da kuwa na ƙaryar ne. Ka ce masa fo-filanshe kawai. Ba mu ce karo ba? Ba mu ce kilim ba? Wa ya mutu?

Ɗan Bukoki:
Alhaji, karo da kilim kowa ya gan su kafin ya ji sunansu. Wannan kawu bai taɓa ganinsa ba. In na ce fo-filanshe zai ce mene ne shi, mu koma gidan jiya.

Malamin Hausa:
Kalmar "faux" a nan ba ƙarya take nufi ba. Bafaranshe yana cewa "faux plafond" ga rufin da aka rataya ƙasa da ainihin rufi, manufarsa shi ne na biyu, ba na asali ba. Mu kuwa ƙarya ba ta da wannan sassaucin a bakinmu, abin kunya ce kurum. Su kansu suna da wasu sunaye biyu: "plancher technique" da "plancher surélevé". Masu Ingilishi suka haɗa abu biyu a nasu, "raised access floor", wato an ɗaga shi, kuma ana iya shiga cikinsa. Kada wani ya kawo mana "daɓen fasaha" don Allah. Fasaha ta zama ruwan dare, komai aka rasa sunansa sai a liƙa masa ita.

Hajiya Mai Atamfa:
Malam, ni tun daga daɓen ma ban yarda ba. Daɓe mu mata muka san shi. A zuba tsakuwa da ƙasa, a yayyafa makuba, a taru da madaɓai ana bugu ana waƙa har ya yi santsi. Abin da ba a buga ba ya zama daɓe?

Malamin Hausa:
Hajiya, gaskiyarki ta asali. Amma daɓen siminti ma ba a buga shi da madaɓi, kuma kowa na faɗi. Jirgi a kan ruwa muka san shi, ga shi yau yana tashi daga filin jirgin Diori Hamani. A bar mana daɓe, rigimar tana kan abin da za a ɗora masa.

Injiniya Ƴar Talaje:
Ku ba ni wuri in faɗi inda kuɗin suke, watakila sunan ya fito daga nan, don na sa irin wannan a wurare kaɗan.

Falle ɗaya 60 da 60 ne, ke nan mita kare ɗaya, wato mita ɗaya tsawo da faɗi, tana cin falle 2,78. Ɗaki mai mita kare 200 yana son 556, ban da waɗanda za a yanka a bakin bango da gindin ginshiƙi, kuma wanda aka yanka ragowarsa sau da yawa asara ce. Fallen iri-iri ne. Mafi araha shi ne na garin katako da aka matse aka lulluɓe da kwano. Sai na wani farin dutse mai kama da alli, ya fi nauyi, ya fi jure wuta, ya fi tsada. Akwai kuma na ƙarfe da aka cika cikinsa da siminti.

Na biyu, tsayi. In wayoyi kaɗai za su bi, santimita 10 zuwa 15 ta isa. In sanyin kilim za a hura ta ƙasa ya fito ta falle mai huji, kamar a ɗakin injuna, sai an kai rabin mita ko fiye, kuma a nan dole a ɗaure kawunan sandunan da wasu ƙarafa na kwance don kada su yi rawa. Kuɗi sun ƙaru.

Na uku, nauyin da zai ɗauka. Ƙa'idar Turai EN 12825 ta kasa shi aji shida. Inda sakatare ke zama da teburinsa ba ɗaya ba ne da inda za a girke akwatin batura. Wasu masu aiki kan rubuta aji babba ga ɗaki duka alhali kusurwa ɗaya ce ke bukata. Ɗan Bukoki, duba wannan layin da kyau a debin kawu.

Sai ƙananan da ke cinye mutum a ɓoye: fentin da ake shafa wa simintin ƙasa don kada ya riƙa ta da ƙura, wayar da ke haɗa ƙarafan da ƙasa, akwatunan firiz, wato wurin jona wuta, da ake binnewa cikin falle, ɗan gangare ko matakala a bakin ƙofa. Su ƙofofin ma, in an riga an kafa su, sai an rage su ko an ɗaga. Shimfiɗar sama kuma a ɗakin injuna dole ta zama wadda ba ta tara wutar jiki. Kun san yadda hannu ke tartsatsi in ka taɓa ƙofar mota lokacin hunturu. Wannan ɗan tartsatsin kan kashe na'ura.

Abin da ido ke gani shi ne mafi ƙanƙanta a lissafin. Ni dai ina son sunan da ke nuna ƙasa.

Taranzite:
Ƙanwata ta manta da ni, alhali nawa rabon ba ƙarami ba ne. Siminti muna da na Malbaza, amma wannan kaya daga waje yake zuwa, Turai ko Sin ko Turkiyya. Falle ɗaya, ko na katakon ne, ya kan kai kilo 10 ko ya wuce. Ku ninka sau 556, kun haura tan biyar kafin a sa ƙarafa. A da ta Kwatano muke ɗaukowa, mu ƙetaro ta Gaya. Tun rufe iyakar Benin a 2023 sai ta Lome, a ratsa Burkina, a jira ayari da rakiyar soja, a shigo ta Tera. Kwanakin da kamyo ya yi a tsaye duk a kan mai kaya suke. Ga kuɗin duwan, ga harajin TVA kashi 19 cikin ɗari.

Kuma ku riƙe wannan: yuro ɗaya kusan sefa 656 ne. In kamfani biyu sun bambanta da yuro 10 kacal a mita kare, a ɗaki mai 200 bambancin ya haura miliyan ɗaya da jikka 300 tun kaya ba su hau ruwa ba.

Baba Magini (Tawa):
Jikana ka rubuta min, ni ban iya latse-latsen ga ba. Na ji bayanin ɗiyata injiniya. Wanga abu ai mun san shi tun kakanni. Mu nan Adar in munka tashi kahwa ruhewa ko rumbu, ba mu aza shi bisa ƙasa. Duwatsu muka jerawa, mu gicciya itace, sannan mu ɗora, don gara da sanyin damana. Ku ce daɓen rumbu. Kowane bahaushe ya ji ya gane an ɗaga shi.

Hajiya Mai Atamfa:
Baba ya kawo magana. Daɓen rumbu ya yi daɗin faɗi.

Injiniya Ƴar Talaje:
Baba, Allah shi ƙara girma, hoton ya yi daidai ƙwarai. Abu guda ne ya tsaya mini. A rumbu dukiyar tana sama, ƙasansa sai kaji da inuwa. A nan kuwa dukiyar ce a ƙasa, mutane a sama. In aka ce wa Alhaji daɓen rumbu zai zaci don ruwa ko gara ake ɗagawa, ya ce ai hawa na farko ne, ruwa bai isowa. Kuma ba ya tsare ruwa ko kaɗan. Wanda ya ga ambaliyar 2020 a Yamai ya san santimita 15 ba komai ba ce.

Baba Magini (Tawa):
To na ji. Amma sandunan nan naku dirkoki na, waɗanda anka gicciya bisa kansu kuma azara ta. Wanga kam ba ku ƙwace min shi.

Ɗan Bukoki:
Baba ba mai ƙwacewa. Na rubuta: vérin, dirka. Traverse, azara. To ko mu ce daɓen dirka?

Bagobirin Katako:
Kai yaro, rufa mana asiri. Ba ka jin labarai? "Ya dirka masa harsashi", "ya dirka mata..." ban ƙarasa ba, akwai manya a nan. Ka je gaban leburori ka ce yau za a yi daɓen dirka ka ga ko aiki zai yiwu.

Bazabarmen Gamkalle:
Bagobiri ne kaɗai zai ji sunan itacen rumfa hankalinsa ya tafi can. Bawana, koma ka auna ƙusa.

Bagobirin Katako:
Ji wanda ya ari Hausa jiya yau yana gyara wa masu ita.

Malamin Hausa:
Wasa ne amma Alhaji ya yi gaskiya. Rubutu ba ya nuna karin murya, kuma kalmar da za a yi wa dariya a shanti ba ta daɗewa. Jam'in ba shi da wannan aibin, don haka dirkoki su zauna a matsayin sunan sandunan. "Daɓe mai ƙafa" ya zo mini, sai na ga tebur ma yana da ƙafa, gado ma haka, kuma bai faɗi cewa ana buɗewa ba. Buɗewar kuwa ita ake saye. Tun da aka fara wannan abu a ɗakunan manyan kwamfutoci a Amurka, wajen shekarun 1950 zuwa 1960, dalilin ke nan: a kai ga waya ba tare da an fasa gini ba.

Hajiya Mai Atamfa:
To ku da kuke ta falle-falle, abin da ake ɗagawa a leƙa ciki a mayar ai marfi sunansa. Tukunya, randa, kwalla, rijiya. Daɓe mai marfi.

Malamin Hausa:
Hajiya kin gama da mu. Ku duba: duk abin da ke da marfi yana da ciki. Ba sai an ce an ɗaga shi ba, ba sai an ce akwai kogo ba, marfin ya faɗi duka biyun. Kuma ba a yi wa wofi marfi, mai ji zai tambaya me aka ajiye a ciki, daga nan bayanin wayoyi ya shigo da kansa. Ɗazu kin ƙi daɓen, yanzu ke kika ɗaura masa aure.

Injiniya Ƴar Talaje:
Na karɓa hannu biyu, har da wani dalili. Akwai wani buro da muka yi wa aiki, ba zan faɗi suna ba. Mai shara ta saba da karo, kullum safe sai ta kwarara bokiti ta bi da tsumma. Ba wanda ya gaya mata komai, an ce mata fo-filanshe ne, ta ce to. Ruwa ya riƙa bi ta tsagogi, marafan katakon suka sha suka kumbura, gefensu ya tashi, kujera ba ta gungurawa. Sai da aka sake odar wasu daga waje. Da an ce mata mai marfi ne, ba macen da za ta zuba ruwan wanki a kan marfi. Ɗan Bukoki, ka sa kawu ya sayi marafai na ajiya tun yanzu cikin kwantena ɗaya, don nemo goma daga baya ya fi ciwo.

Saura abu ɗaya. Akwai ɗan abin roba mai mariƙi da ake mannawa a tsotso marfin a ɗaga. Su suna ce masa "ventouse".

Baba Magini (Tawa):
Abin da ka manne shi tsotsa? Ƙaho na. Ku tambayi wanzami.

Malamin Hausa:
Baba, ko a Faransancin ma da wannan kalmar suke kiran ƙahon wanzami. Ba a taɓa samun fassarar da ta faɗo daidai haka ba.

Ɗan Bukoki:
Na koma wurin kawu bayan la'asar. Na karanta masa: daɓe mai marfi, marafai kaza, dirkoki kaza, azara a ɗakin injuna kaɗai, ƙaho biyu. Da na zo kan ƙaho ya yi dariya har da tari. Ya tambayi me za a zuba a cikin, na ce wayoyi da sanyin kilim. Ya ce to ashe don kada su fasa masa siminti ne duk ranar da suka sauya wurin tebur. Na ce shi ke nan, kawu.

Bai sa hannu ba tukuna. Ya ce tunda mai marfi ne, ana iya kwashe shi, saboda haka a rubuta a takardar haya ko na wa ne ranar da suka tashi. Kuma a kira mai aikin gobe ya zo ya faɗa masa dalilin da ya sa ya rubuta aji 5 har a inda masinja ke zama.