Neman shawara: zan kai su Baba yawon jirgin ruwa a kogin Misisipi na Amurka

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Su Baba za su zo wurina a Houston a watan Oktoba. Tun rasuwar ƙaninsa bai ƙara sakin jiki ba, Mama ta ce ko hira ya daina, ƙannena kuma sun zuba mini ido tunda ni ce babba. Shi ne na kama mana ɗaki a jirgin nan mai ƙatuwar taya a baya, daga New Orleans zuwa Memphis, kwana bakwai. Har na ba da kafin alƙalami. Gwiwa na damun Baba. Me zan shirya?

Dattijon zaure: Wa alaikumus salam. 'Yata, watan ne matsalar. Oktoba lokacin janyewar ruwa ne. A 2022 da 2023 kogin ya yi ƙasa a Memphis yadda ba a taɓa gani ba. In ruwa ya ja, sai a tsallake wasu garuruwa, ko a ƙarasa da ku a bas. Ga lokacin guguwa bai ƙarewa sai 30 ga Nuwamba. Sai gwiwa: a wurare da dama jirgin kan sa kai ne a gaɓa, a sauke gadar fita, mutum ya hau gangare da ƙafarsa. Iya janyewar ruwa, iya tsayin hawan. Ki tambaya ko suna da ƙaramar motar ɗaukar tsofaffi. Ɗaki kuma ki nemi na tsakiya kusa da lif. Na baya akwai ƙugin inji da girgiza.

Yayarku ta Memphis: Ku bar zancen ruwa, abinci fa? Miyar gumbo da dafa-dukan jambalaya, abincin yankin, akasari da tsiran alade ake yinsu, har dafaffen wake. Ki rubuta musu tun yanzu: kifi da jatan lande kawai, a tukunya daban, ban da giya a miya. Abin takaici, yaran yanzu sai su kawo iyaye ƙasar nan su bar su suna cin abin da ba su sani ba. Alƙibla arewa maso gabas take, amma kogin lanƙwasa gare shi, a duba kafin kowace salla.

Wani ɗan uwa: Wane kamfani kika biya? American Queen Voyages ya rufe tun Fabrairun 2024. Ni a ganina kwana bakwai ya yi yawa, domin a wannan ɓangaren ganuwar tare ambaliya da bishiyoyi ne suka fi yawa. Ku hau Natchez a New Orleans, jirgin tururi na gaske tun 1975, awa biyu kun dawo.

Dattijon zaure: Awa biyu ai ba hutu ba ne, malam. Ta mayar da tafiyar bazara kawai.

Wani ɗan uwa: Bazara kuma ruwa ke cika ya shanye wuraren sauka, Dattijo.

Mai tambaya: Na gode, amma Oktoba kaɗai nake da hutu, kuma Baba ba yaro ba ne, yana taka matakala. Abin da zan shirya na tambaya.

Yayarku ta Memphis: In kin fasa, kuɗin na dawowa? Ba ki faɗi kamfanin ba har yanzu.