Da ruwan ciki akan ja na rijiya: ta dace da mai bi kuwa?

Maman Tagwaye, Sabon Gari:
Salama gare ku 'yan'uwa. Jiya a taron Zumuntar Mata wata dattijuwa ta ja mana kunne kan karatun Littafi Mai Tsarki a gida. Ta ce mu daina jiran Lahadi kaɗai, domin da ruwan ciki akan ja na rijiya. Tun da na dawo maganar ta tsaya mini a rai. Ni a kasuwa na san karin maganar nan. In ka je Kantin Kwari neman kaya bashi ba ko sisi a hannunka, ita ake faɗa maka, wato mai ɗan jari shi ake ƙara wa. To yaya maganar jari ta shigo sha'anin Allah? Ku warware mini.

Ɗan Mawaƙa, Brigade:
Mama, ni ma ban gamsu ba. Ishaya sura 55 da kiran masu ƙishi ta fara, har da wanda ba shi da kuɗi aka ce ya zo. Matar nan Basamariya a Yahaya sura 4, da tsakar rana ta je rijiya da tulunta wayam, rayuwarta kuma a dagule. Wane ruwan ciki gare ta? Amma ita Yesu ya yi wa alkawarin ruwan rai. In muka ce sai mai ruwa a ciki zai ja, ina tsoron mu rufe wa mai ƙishi ƙofa.

Tsohon Katikis, No Man's Land:
Ɗana, ka faɗi gaskiya, amma kai da Maman Tagwaye duk kun ɗauko maganar daga kasuwa, ita kuwa a bakin rijiya aka haife ta. Wanda ya taɓa jan guga a rijiya mai gaba goma a tsakiyar bazara ya san abin. Igiya tana cin tafin hannu, gugan ya cika ya yi nauyi, in ka zo da maƙogwaro a bushe kafin ya kai rabi hannunka ya saki. Ba wai mai rijiyar ne ya hana ka ba. Ruwan yana nan, kyauta ne, ƙarfin ja ne babu.

Mu a Katolika karatun Lahadi shekara uku yake zagayawa: shekarar Matiyu, ta Markus, ta Luka, Yahaya kuma yana shigowa musamman a Azumi, wato azumin kwana 40 kafin Ista, da kuma lokacin Ista. Kowace shekara Lahadin farko ta Azumi labarin gwajin Yesu a jeji ake karantawa. Ku duba Matiyu sura 4. Kwana 40 bai ci ba, babu littafi a hannunsa, babu majami'a kusa. Sau uku Shaiɗan ya zo masa, sau uku ya amsa da ayoyi daga littafin Maimaitawar Shari'a. Daga ina ya ɗebo? Abin da ke ciki ne. Shi ya sa ikilisiya take maimaita mana labaran nan shekara da shekaru, daga jiran zuwan Almasihu zuwa Kirsimeti, daga Larabar toka zuwa Ista, sannan Fentikos a rana ta 50 daga Ista. Yara sukan ce ai mun ji wannan bara. Nakan ce musu bara ma kun sha ruwa.

Malamar Makarantar Lahadi:
Baba, mu a cocin ECWA ba ma shafa toka, amma shekarar tana juya mana haka nan: Luka sura 2 cikin hazon hunturu, labarin gicciye cikin zafin bazara, Zaburar godiya da kaka. Kakata ba ta iya karatu ba. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa sai 1932 ya fito, a ƙauyensu kuma masu karanta shi ba su da yawa. Da ka ta riƙe ayoyinta, tana daka tana rera su.

Mai Gyaran Inji, Ƙofar Ruwa:
Ku bar ni in sa baki da abin da na sani. Manoman rani daga Kura da Kadawa suna kawo mini injin ban ruwa. Sau da yawa lafiyarsa ƙalau. Ko tiyo yana tsakiyar kogi, in ba ka buɗe murfin sama ka ɗura masa ruwa ya cika ba, sai ya yi ta ƙara yana jan iska. Ruwan da ake ɗurawar bai wuce bokiti ba, amma shi ke jawo wanda zai shayar da gona guda. Haka na fahimci ayar da nake karantawa da asuba kafin in buɗe shago.

Ɗan Mawaƙa, Brigade:
Yaya, misalinka ya shige ni. Amma injin ba shi ke ɗura wa kansa ba, wani ne ya zuba. Nan nake tsaye. In za a faɗi karin maganar a coci, a faɗe ta ga wanda ya riga ya sha, don ya ci gaba da sha. Kada a faɗa wa baƙon da ya shigo yau da ƙishinsa.

Tsohon Katikis, No Man's Land:
Na yarda da wannan iyakar, ɗana. Ban taɓa faɗa wa mai koyon baftisma ita a makon farko ba.

Maman Tagwaye, Sabon Gari:
Na gode Baba, na gode 'yan'uwa. Kun tuna mini da wani dare. Shekarar da maigidana ya kwanta a asibiti, makon Ista ne, zafi kamar a gasa mutum, aka ɗauke wuta, wayata ta mutu. Ina zaune a kan tabarma gefen gadonsa ina yi masa fifita da kwali, na buɗe baki in yi addu'a na rasa kalma ko ɗaya. Sai Zabura 121 ta zo mini, wadda aka sa mu haddace muna yara, ta ɗaga ido zuwa ga duwatsu. Ita na yi ta maimaitawa har aka yi kiran asuba a masallacin da ke bayan katanga. Ban san tana nan cikina ba sai daren.

Tagwayena shekararsu 7 yanzu. Malama, wace Zabura kike fara ba 'yan ajinki su haddace?

Malamar Makarantar Lahadi:
Ta 23, Mama. Aya 6 ce kawai. Aya ɗaya kowane mako, da dare bayan an ci tuwo.